'Yar Wa Za Ta Karɓi Haihuwarmu?

 

'Yar uwa, akwai maganganu guda biyu da ke fita daga bakinmu mu matan aure, kuma ban ga muna ajiye su kusa da juna mu dube su ba. Ta farko a asibiti muke yin ta. Kin je awo, ko naƙuda ta kai ki ɗakin haihuwa, sai ki ga namiji ne ya shigo da safar hannu. Nan take zuciyarki ta karye, ki ce, "Wai babu mace ne?" Ta biyu kuwa a tsakar gida muke yin ta, ranar da yarinya ta gama sakandare ta zo ta durƙusa ta ce, "Umma, aikin jinya nake so in karanta a jami'a." Sai ki ce, "Allah Ya kiyaye. 'Yata ba za ta je tana taɓa jikin maza tana kwana a asibiti ba."

Duka biyun kunya ce ta haife su, kuma kunya abu ne mai daraja a addininmu. To amma ki lura, maganar farko tana neman a samo mace, ta biyu tana hana a samar da ita. Macen da kike nema a ɗakin haihuwa ba daga sama za ta faɗo ba. 'Yar wata ce, uwarta ta sake ta shekaru masu yawa, ta jure surutun dangi da na maƙwabta. Idan kowace uwa a unguwarku ta ba da irin amsar da kika bayar, 'yar wa za ta karɓi haihuwarki?

Kada ki ɗauka maganar kunya ce kawai, rayuka ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya a shekarar. In kika raba shi da kwanakin shekara, mata sama da 200 ke nan kowace rana. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ƙwararren ma'aikacin lafiya ke karɓa a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Dalilan suna da yawa: nisan asibiti, rashin kuɗi, rashin mota cikin dare, al'adar haihuwa a gida. A cikinsu akwai wanda duk mun san shi, wato maigidan da ya ce matarsa ba za ta je inda namiji zai gan ta ba, da matar da ta gwammace ta yi kwana biyu tana durƙuso a ɗaki a kan ta je.

Ajali na Allah ne, babu mai ja. Sai dai abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne, kuma Allah Ya hore maganinsu. Zubar jini bayan haihuwa akwai allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Jijjiga, wadda wasu har yanzu suke danganta ta da iska, tana biyo bayan hawan jinin mai ciki ne, kuma wadda ta iya aikinta tana gano alamunta tun a wurin awo, daga gwajin jini da na fitsari da kumburin fuska. Doguwar naƙuda ita ce ke barin yarinya 'yar shekara sha shida da yoyon fitsari, saboda kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Duk wadda ta taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ta san abin da nake faɗi. A duk waɗannan, wadda ke tsaye a kan mai naƙuda awa bayan awa, tana auna bugun zuciyar jariri, tana lura da lokacin da ya kamata a kira likita, nas ce ko ungozomar asibiti.

Kafin ki ce e ko a'a, ya kamata ki san abin da 'yarki take roƙo. Digirin aikin jinya a jami'o'in gwamnati, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, shekara biyar ne ga wadda ta shiga ta hanyar jarrabawar JAMB. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Shekarar farko kimiyyar gama-gari ce, a manyan ɗakunan lacca tare da ɗaruruwan ɗalibai maza da mata. Daga nan sai ilmin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, da ilmin magunguna. Sai kuma zagayen asibitin koyarwa, na Shika ga 'yan Zariya, na Malam Aminu Kano ga 'yan Bayero. A can za a bi da ita sashe-sashe: ɗakin yara, ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata, sashen masu taɓin hankali, da asibitocin karkara. Tana cikin karatun za ta zauna jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda ita ce ke ba da lasisin aiki. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa.

Ba zan ɓoye miki komai ba, don masu tallata boko suna yawan shafe wannan wurin. Za a kai ta ɗakin maza, kuma za ta yi musu hidima: ta auna, ta yi allura, ta wanke ciwo, ta juya tsohon da shanyewar jiki ta kwantar. Za ta yi aikin dare. Za ta zauna a gari babu idonki, cikin dubban matasa masu tarbiyya iri-iri. Shekara biyar ɗin ma a takarda take, domin yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye kusan wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yarinyar da ta shiga tana da sha takwas tana iya kaiwa ashirin da biyar kafin ta kama aiki. Uwar da ta ji tsoron waɗannan ba jahila ba ce, kuma ba na son yadda ake yi wa irinta dariya a tarurruka. Amana take tsaro.

To mene ne matsayin addini? A nan nake so mu daɗe kaɗan.

Malamai sun yi bayani cewa asali mace ita ke duba mace. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a ƙasar Burunai, ta jera abin daki-daki: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai wanda ba Musulmi ba. A buɗe gwargwadon wurin da ake buƙata kawai, kuma kada a keɓe. Da wannan sauƙin muke zuwa asibiti hankali kwance, muna cewa larura ce. Gaskiya ne, larura ce, kuma babu laifi a kan matar da namiji ya karɓi haihuwarta don babu mace. Amma a wannan zaman dai majalisar ta yi kira da a ƙarfafa wa mata gwiwar shiga fannin lafiya, musamman ɓangaren mata da haihuwa, don kada togaciya ta zama ita ce ƙa'ida. Mun riƙe rabin farko na hukuncin, rabi na biyu kuwa mun bar shi a takarda.

Ki yi tunanin wanda yunwa ta kama a daji har ya ci mushe. Shari'a ta yi masa uzuri. Amma mutanen garin da ke da gona da iri da ruwan sama, suka ƙi yin noma shekara da shekaru, sannan kullum suna kafa hujja da yunwa, shin uzurinsu ɗaya da na wancan? Mai naƙuda ita ce mutumin dajin, ba ta da zaɓi a wannan daren. Mu al'umma mu ne masu gonar. Kakarki ta ce larura, mahaifiyarki ta ce larura, ke kin ce larura, kuma kina shirya wa 'yarki ta faɗi haka. Larurar da aka yi shekara sittin ana gadonta, alhali akwai hanyar kawar da ita, akwai hannunmu a cikinta.

Wannan shi ne ma'anar farilla ta kifaya da muke karantarwa a aji, har yara suna haddace misalinta da sallar gawa. Idan wasu suka yi ta sauka a kan kowa, idan babu wanda ya yi, ko waɗanda suka yi ba su wadatar ba, laifin ya hau kan duk mai iko. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya ilmin likitanci cikin wannan babi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Har ya koka da mutanen zamaninsa, cewa za ka tarar da gari babu likita Musulmi ko ɗaya, amma kowa ya ruga zurfafa a mas'alolin saɓani na fiƙihu waɗanda garin ya riga ya cika da masanansu. Ni malamar Islamiyya ce, kuma ina alfahari da kowace ɗalibar da ta sauke. Sai dai idan aji ya yaye 'yan mata arba'in babu ko ɗaya da za ta iya tsayar da jinin maƙwabciyarta, akwai farillar da muka bari a ƙasa.

Wata za ta ce, "Malama, duk mun ji, amma taɓa jikin maza fa?" Mu koma Madina. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu. Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida Al'aslamiyya da ke masallaci, matar da ta sadaukar da kanta ga jinyar masu rauni, don ya riƙa duba shi daga kusa. Sa'adu namiji ne, shugaban ƙabilar Ausu. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke fita tare da Annabi (SAW) suna shayar da mayaƙa, suna yi wa masu rauni magani. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana irin wannan hidima. Waɗannan mata sun fi mu kunya nesa ba kusa ba. Abin da suka fahimta shi ne jikin majiyyaci amana ne, ana taɓa shi gwargwadon buƙata, da niyyar ceto, a bainar jama'a.

Na san za a ce wancan yaƙi ne, wannan kuwa makaranta ce. Haka ne. Amma babu yadda za a yi mace ta ƙware a jinyar mata ba tare da ta bi ta wannan horon ba, don majalisar da ke ba da lasisi ba ta yaye nas rabi. Ƙa'idar malaman usulu ce cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ki ɗora abin a sikeli: a gefe guda ga wasu watanni da yarinya za ta yi a ɗakin maza, da safar hannu, da hijabinta, ƙarƙashin idon shugabar ɗaki, cikin majiyyata da 'yan jinyarsu. A ɗaya gefen ga dubban matan da za su ratsa ta hannunta cikin shekara talatin na aiki, waɗanda in babu ita namiji ne zai buɗe su, ko kuma su ƙi zuwa su mutu a ɗaki. Ban ce gefen farko ba shi da nauyi ba. Na ce ki auna.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ba tsoron Allah ne kaɗai ke sa mu ƙin aikin nan ba, akwai raini a ciki. Da yarinyar cewa ta yi likita za ta zama, da yawanmu guɗa za mu yi, alhali ɗalibar likitanci ma tana shiga ɗakin maza, tana kwana a asibiti, karatunta ma ya fi tsawo. Ashe ke nan kwashe fitsari da wanke ciwo ne muke ƙyama. Sannan ga maganganun da ake yaɗawa a gidajen biki, wai nas-nas idonsu a buɗe yake, wai ba sa zaman aure. 'Yar uwa, ki kiyayi harshenki. Jifan kamilar mace da alfasha yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma bai zama halal don an yi wa jama'a jimla ba. Matar da kike yi wa wannan shaidar ita ce ta bar nata jaririn a gida ta kwana tana goge miki jini.

Ban manta da tsawa da baƙar maganar da wasu ma'aikata ke yi wa masu naƙuda ba. Yana faruwa, kuma zalunci ne. Wani ɓangarensa gajiya ce, mace ɗaya a kan gadaje masu yawa, ga shi a 2024 majalisar ma'aikatan jinya ta bayyana cewa kimanin 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku, zuwa Ingila da Amurka da sauran wurare. Wani ɓangaren kuwa rashin tarbiyya ne tsagwaronsa. To in haka ne, wa ya fi cancanta ya tsaya a wannan ɗakin in ba yarinyar da kika raina da hannunki ba, wadda ta san hakkin majiyyaci, ta san ta ja labule kafin ta ɗaga zane, ta san ta laƙƙana wa mai barin duniya kalmar shahada? Idan gidajen tarbiyya suka janye 'ya'yansu, ba su da bakin kuka da halin waɗanda suka rage.

Me ya sa jami'a, ga makarantun koyon jinya da ungozoma a kusan kowace jiha? Waɗannan makarantu hanya ce mai kyau, sun fi kusa da gida, kuma su suka yaye mafi yawan matan da ke riƙe da asibitocinmu. Wadda hakan ya fi mata sauƙi ta bi nan, babu ragi a ladanta. Sai dai digiri shi ke buɗe ƙofar koyarwa da shugabanci da ƙarin karatu. Jami'ar Ibadan ta fara wannan digiri tun 1965, mu kuwa mun makara. Mai tsara jadawalin aiki, mai yanke shawarar wa za a tura ɗakin haihuwa, mai koyar da 'yan baya yadda ake suturta majiyyaciya, duk daga cikin masu zurfin karatu ake ɗauko su. Muna so a riƙa la'akari da addininmu a asibiti, amma teburin da ake yanke hukunci babu mu a kai. Ke ma da kike ɗakin mijinki, in kina da shaidar nas tun kafin aure, ƙofar shiga kai tsaye a buɗe take, ba sai kin faro daga ajin farko ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Farillar kifaya ba ta hau kan kowace yarinya ba. Wata ba ta iya ganin jini, wata ƙwaƙwalwarta a lissafin kasuwanci take, wata kuma ke uwarta kin san in ta yi nisa da gida akwai matsala, don kowa ya san halin abin da ya haifa. Tilasta wa irin waɗannan kuskure ne. Maganata a kan wadda Allah Ya ba basira da tausayi da kamun kai ce, ta zo da kanta tana roƙo. Irin wannan in kika hana ta, ki tabbata kina da hujjar da ta fi "me mutane za su ce".

Kuma sakin yarinya ba shi ne zubar da ita ba. Aikin yana farawa tun tana aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da sauran, domin da yawa a nan ake rufe musu ƙofa ba tare da iyaye sun ma sani ba. In ta samu gurbi, ki je da ƙafarki ki ga ɗakin kwananta, ki san ƙawayenta, ki haɗa ta da 'yan uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ki nemi wani gida na mutunci a garin da za ta riƙa zuwa. Ki zaunar da ita ku karanta hukuncin taɓa majiyyaci da keɓewa da sallar mai aikin dare, kada ki bari sai ta ji a bakin ƙawaye. Maigida kuwa ba a gaban yara ake shawo kansa ba, kin fi ni sanin lokacin da yake sauraro. Ki tuna masa ranar da ya tsaya a barandar asibiti ransa a ɓace don namiji ne a kanki.

Batun aure shi ne ya fi tsaya wa iyaye a rai, kuma ba dole ba ne a jingine shi sai an gama. Ɗalibai da yawa suna aure a tsakiyar karatu, suna zuwa lacca da goyo. Abin da ke rusa su shi ne maganar da ba a yi ta a fili ba tun farko. Saurayi ya ce ya yarda, bayan biki da wata uku aikin dare ya zo, sai ya ce shi bai san da haka ba. Don haka a faɗa wa manemi komai a gaban waliyyai: akwai kwana a asibiti, akwai ɗakin maza, akwai shekarar sanin makamar aiki. Wanda ya amince ya amince da saninsa, wanda ya ga ba zai iya ba a rabu da mutunci.

Sauran nauyin kuma namu ne, mu da ba za mu taɓa sa farin kaya ba. Ɗalibar da ta haihu a aji uku tana buƙatar wadda za ta riƙe mata jariri daga magariba zuwa safiya, sati guda cur. In surukarki ce, ke ce wannan matar. In maƙwabciyarki ce, ki aika a ɗauko yaron tun kafin ta roƙa. Reshen ƙungiyarmu da ke iya tara kuɗin anko da na walima cikin sati biyu zai iya ɗaukar kuɗin rajista da littattafai da kayan aikin yarinya guda daga unguwa, marainiya ko 'yar mai ƙaramin ƙarfi, har ta gama. A taronku na wata mai zuwa ku tambayi malaman Islamiyyarku sunayen 'yan matan da ke ajin kimiyya, ku fara da wadda ta fi kusa da rubuta JAMB.